Takarda Ɗaya, Folda Uku

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Alhamis wayar Si Munsif ta yi ƙara, yana tsaye bakin tagar ofis yana hura shayi. Madam Siham ce, matar da ke fitar wa kamfanin Haj Bilgasim kaya a tashar jiragen ruwa ta Radis. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce kwantenar dabinon da za ta tafi Jakarta tana nan tsaye a bakin ƙofa, jami'in da ke duba takardu ya ƙi barinta ta shige, domin takardar shaidar hayaƙin maganin tsutsa da ke cikin foldar kayan ba lambar wannan kwantenar ce a jikinta ba. Ta buɗe foldar Marseille ta duba, can ma haka. Ƙarfe uku ake rufe ƙofa, in jirgin ya tashi sai bayan kwana goma sha biyu, mutanen Jakarta kuwa don azumi suka sayi dabinon.

"Wace lamba ce a jikin takardar?" in ji shi.

Ta fara karantowa. Tun ba ta kai rabi ba ya gane ta. Shi ya rubuta ta jiya da la'asar, da yatsunsa biyu, kuma ba a kwamfutarsa ba. A ta Ulfa ya rubuta, yarinyar da ke zaune yanzu a teburin da ke kusa da nasa, ta duƙufa tana jera takardun awo, ba ta san abin da ke tafe ba.

Ya ce wa Madam Siham zai duba, ya kashe wayar. Shayin ya ajiye a bakin taga, bai ƙara bi ta kansa ba.

Shekara ashirin da shida ke nan Munsif yana riƙe da takardun fitar da kaya a wannan kamfani da ke garin Tuzar. Duk dabinon da ya shigo daga gonaki sai ya kwana uku a ɗakin hayaƙi, a turara masa magani don tsutsa, sannan a rubuta takarda guda mai shaida cewa an yi. Kashi ɗaya na dabino yakan rabu kwantena biyu ko uku, kowace da garin da za ta. A da, Munsif yakan ɗauki takardar ya kai ta injin hoto, ya fitar da kwafi uku, ya rubuta wa kowanne lambar kwantenarsa a sama da biro shuɗi, ya zura kowanne a fayil ɗinsa. Abin da ya rubuta a kwafin Marseille yana nan a na Marseille, bai taɓa tsallakawa ya shiga na maƙwabci ba. A haka ya yi furfura, ba a taɓa dawo masa da mota daga tasha ba.

Bara ne Si Nizar, ɗan Haj Bilgasim, ya karɓi ragamar kamfanin bayan ciwo ya kwantar da tsohon. Ya kawo manhajar ajiyar takardu, ya sa aka kwashe fayil-fayil ɗin aka kai sito. Ya kuma ɗauki Ulfa gwaji na wata uku. Uwarta, Mbarka, tana cikin matan da ke tsintar dabino a babban zaure na ƙasa, kaf danginsu kuwa Ulfa ce ta fara hawa benen nan da sunan aiki. Ranar Asabar ɗin nan watanninta uku ke cika.

Tun makonta na farko ta yi masa bayani, ba sau ɗaya ba. Ta ce yanzu ba a kwafi. Takardar guda ɗaya ce, ana sa ta a folda uku ne kawai don kowa ya same ta ta inda ya shigo. "Ammi Munsif, ɗaki ɗaya ne mai ƙofa uku," in ji ta, don haka take kiransa, wato Baffa Munsif. Ya gyaɗa kai ya ce ya ji. A ransa kuwa cewa ya yi salon maganar yaran zamani ne. Shi dai idonsa folda uku yake gani, kowace ya buɗe ga takarda a ciki.

Jiya da misalin ƙarfe huɗu Tahar direba ya kira shi daga filin lodi, ya ce kwantenar Casablanca injin sanyinta ya ƙi tashi, an sauya ta da wata, ga sabuwar lamba. Munsif ya rubuta a bayan ambulan. Da ya juya ga kwamfutarsa sai ya tarar ta kulle, don ya ɓata lambar sirrinsa sau uku tun da rana, mai buɗewa kuwa Si Nizar ne kaɗai. Sau uku a watan nan yana zuwa ya tsaya gaban yaron da ya taɓa goyawa a wuya yana roƙon a buɗe masa, na huɗu ya yi masa nauyi. Ulfa ta sauka ƙasa kai wa uwarta maganin hawan jini, ta bar allonta a buɗe. Ya zauna. Ya shiga foldar Casablanca, ya buɗe takardar hayaƙin, ya ga lambobi uku a jere. Ya ce ina ruwan mutumin Casablanca da kwantenar wasu, wannan ai rashin tsari ne. Ya goge ukun duka, ya sa sabuwar guda, ya adana, ya tashi. Har yana jin daɗi a hanyar gida, yau ya gyara wa na'ura aiki.

Bai gama tunanin ta inda zai fara ba ya ji takun Si Nizar a matakala. Ashe Madam Siham ta kira shi shi ma. Ya shigo da waya a hannu, bai gaida kowa ba, ya tsaya a kan Ulfa ya ce ta buɗe takardar hayaƙin kashi na goma sha huɗu. Ta buɗe. Da ta ga lamba ɗaya tal a inda ta bar uku, sai ta matso da fuskarta kusa da allon kamar idonta ne ke da laifi. Ya ce ta buɗe tarihin takardar. Ta danna. Layin ƙarshe ya fito ɓaro-ɓaro: jiya, ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu, da sunanta a gefe.

"Si Nizar, ban taɓa ta ba," ta ce a hankali.

"To aljanu ne?"

"Wallahi tun ranar Litinin da na sa ta ban sake buɗe ta ba."

Ya ja kujera ya zauna a gefen teburin, ya rage murya, wanda ya fi ihunsa muni. Ya ce abu biyu ne. Ko dai ita ta goge, ta kwaso wata lamba daga inda Allah kaɗai ya sani ta manna, ko kuma ta ba wani lambar sirrinta. Ya tuna mata takardar da ta sa wa hannu ranar da ta fara, cewa duk wanda ya bar wani ya yi aiki da sunansa ya sallami kansa. Ya ce ta zaɓi wanda ta ga ya fi mata.

Ulfa ta ɗago kai ta dubi Munsif. Sau ɗaya, kuma ba ta daɗe ba. Ba za ta kama sunan sa'an ubanta a gaban mai gida ba, wannan ya sani, haka aka rene su. Ko da ma ta kama, ita ta bar allon a buɗe. Munsif ya sa hannu a aljihu, ya ji ambulan ɗin jiya a ninke, ya mai da idonsa kan kalandar da ke bango.

Si Nizar ya ce ta dawo da tsohuwar takardar yadda take ranar Litinin. Minti biyu bai cika ba ta dawo da ita, lambobi uku suka koma mazauninsu. Ya kira Madam Siham a gabansu, ta duba ta ce sun fito, za ta koma layi da motocin biyu. Ya miƙe. Daga bakin ƙofa ya ce wa Ulfa ba sai ta jira Asabar ba, ta gama abin da ke gabanta, ta tattara kayanta kafin a tashi. Sannan ya dubi Munsif.

"Kai kuma, Si Munsif, ana wannan a ɗakinka ba ka gani ba?"

"Ban gani ba," in ji Munsif. Maganar ta fita da kanta, sumul, har ya ji tsoron sauƙin fitarta.

Ɗakin ya yi tsit bayan fitarsa. Daga ƙasa ana jin ƙarar bel ɗin da ke jan dabino da hayaniyar mata. Ulfa ta jawo aljihun tebur, ta fara fitar da 'yan kayanta: kofi, cajar waya, ɗan littafin da take rubuta sunayen masu saye da yadda ake furta su. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Abin da ke cin ransa kuma bai tsaya nan ba. Tsohuwar takardar da aka dawo da ita tana ɗauke da lambar kwantenar da ta lalace. Motar Tahar ta makara saboda sauyin, sai da asuba ta bar Tuzar, tana kan hanya da sabuwar kwantena, za ta isa Radis wajen ƙarfe biyu. Za a buɗe foldar Casablanca a ga lambar da ba tata ba, a tsayar da ita. A duk benen nan babu wanda ya san an yi sauyi sai shi. In an sake buɗe tarihi kuwa, sunan da zai fito a layin ƙarshe na Ulfa ne, karo na biyu a yini guda. Kamfanonin dabino a Tuzar ba su da yawa, masu su kuma a majalisa ɗaya suke shan gahawa. Yarinyar da ta tsayar da mota uku a rana ɗaya, babu mai sake ba ta kujera a garin nan.

Ya kasa zama. Ya sauka ƙasa kamar mai neman wani abu.

Zauren cike yake da ƙanshin dabino mai ɗanƙo. Mata sun jeru gefe biyu na bel, da hular leda a kan ɗankwali, hannuwansu na tsince na banza suna jefawa a kwando ba tare da sun duba ba. Ya so ya bi ta gefen bango ya fice, amma Mbarka ta hango shi.

"Ga mutanen sama sun sauko. Si Munsif, iskar na'ura ce ta ishe ka ka zo shan tamu?"

Matan suka yi dariya. Wata ta ce a ba shi hula ya tsaya a layi, a ga ko yatsun biro za su iya raba mai tsutsa da mai lafiya. Ya yi yaƙe ya ce shi da ya shigo kamfanin nan ana ɗaure dabino da igiyar kaba, su ina suke a lokacin. Mbarka ta matso gefe, hannunta bai daina aiki ba, ta ce masa jibi yarinyar ke cika wata uku. Ta ce kullum sai Ulfa ta ba su labarinsa a gida, wai Ammi Munsif ya san lambar kowane mai saye a ka. Ita Mbarka ta riga ta yi alkawarin kuskus da naman rago ranar Lahadi in an tabbatar da ita, kuma kwanonsa daban za a zuba, ya gaya wa maiɗakinsa kada ta ɗora tukunya.

Ya ce Allah ya kai mu.

Ya fita tsakar fili ya tsaya a inuwar sito. Can ƙarshen filin, kusa da babbar ƙofa, ga rumfar sikeli, inda motocin manoma ke hawa a auna su. A nan ya fara aiki yana saurayi, cikin rana da ƙudaje, kafin Haj Bilgasim ya lura da kyawun rubutunsa ya hau da shi sama. Sau biyu a bana Si Nizar yana ce masa, cikin fara'a, wai sikelin nan yana bukatar dattijo mai ido. Munsif ya san fassarar wannan. Dalili kawai ake jira. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, so yake ya yi ta daga teburinsa, da rigarsa a goge, ba daga rumfar kwano ba, manoman da suka saba cire masa hula suna miƙo masa takarda ta tagar mota.

Sai wata dabara ta faɗo masa. Ya koma sama da sauri har yana haki.

Ulfa ta gama haɗa kayanta a jakar leda, tana shigar da awon safe. Ya rufe ƙofa, ya fito da ambulan ɗin, ya ajiye a gabanta. Ya ce mata an sauya kwantenar Casablanca jiya, wannan ce lambar gaskiya, ta buɗe takardar ta gyara layin Casablanca kaɗai, ta bar sauran biyun, shi ke nan Tahar ya wuce lafiya ba wanda ya ji.

Ta dubi ambulan ɗin, ta dubi lambar, ta gane ta. Ba ta taɓa shi ba.

"Da sunan wa zan gyara, Ammi?"

"'Yata, minti ɗaya ne."

"Jiya ma minti ɗaya ne."

Ta ce hannunta ba zai sake taɓa takardar nan ba sai Si Nizar na tsaye yana kallo. An riga an kore ta a kan gyaran da ba ta yi ba, ba za ta ƙara da wanda ta yi a ɓoye ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi ba, tana magana tana gyara bakin takardun awo da suka riga suka daidaita.

"Na gaya maka guda ɗaya ce," ta ce can.

"Idona uku ya gani."

Ta ja numfashi. Ta jawo linzamin kwamfutar, ta buɗe wata takardar gwaji da take koya wa mutanen sito da ita, ta sa foldoji biyu gefe da gefe a allon, takardar na buɗe a kowace. Ta ce ya duba dama. A ta hagu ta rubuta sunansa, ta adana. Yana kallo, ba wanda ya taɓa ta dama, sunan ya fito a cikinta.

Munsif ya daɗe yana kallon sunansa a wuri biyu. Abin da ya zo masa shi ne dabinon kakansa a gonarsu ta garin Nafta, itace guda da 'yan'uwa uku suka gada, kowa na cewa nawa. Wata shekara ƙaraminsu ya hau ya yanke kan itacen don ya tatsi lagmi, ruwan zaƙin da ke tsattsafowa daga cikinsa, yana cewa rabonsa ya taɓa. A kakar nan duk su ukun ba wanda ya ɗanɗani ƙwaya. Wata uku yarinyar nan tana gaya masa wannan da bakinta, shi yana gyaɗa kai.

Wayarsa ta yi ƙara. Tahar ne, da rediyo na tashi a bayansa. Ya ce ya wuce Nafida, ya tsaya ya ci lablabi, romon wake mai zafi da ya kusa cire masa harshe, in Allah ya so nan da awa ɗaya da 'yan mintuna yana bakin ƙofa. Ya tambaya ko takardu sun zauna daidai, don ba ya son ya kwana a Radis, surukarsa na can unguwar kuma za ta ji labari. Munsif ya ce ya taho kawai. Agogon bango ya nuna ɗaya saura minti ashirin.

Ya ɗauki ambulan ɗin ya fita.

Ofishin Si Nizar na ƙarshen baranda. Ya same shi shi kaɗai, da burodi da kifin tuna a takarda a gabansa bai ci ba, yana amsa saƙo. Munsif bai zauna ba. Ya ajiye ambulan ɗin, ya ce lambar da aka gani da safe ba daga iska ta faɗo ba, ta sabuwar kwantenar Casablanca ce, an yi sauyi jiya, Tahar na hanya da ita, takardar da ke foldar yanzu kuma tsohuwar lamba ce a jiki.

Si Nizar ya ajiye wayar. Ya dubi ambulan ɗin, ya dubi agogon hannunsa, ya ce me ya sa sai yanzu. Bai jira amsa ba, kansa ya riga ya yi gaba.

"Wato kai ka ba ta lambar, ka ce ta gyara, ita kuma ta goge sauran."

Ba tambaya ba ce sosai. Hanya ce a buɗe, shi da kansa ya shimfiɗa masa ita. In Munsif ya ce e, laifinsa bai wuce na mantuwa ba, a yi masa faɗa a wuce wurin, a gyara takarda, Tahar ya shige, Ulfa ta sauka da jakar ledarta kamar yadda aka riga aka yanke. Ba za ta ƙaryata shi ba. Ta tagar yana hango rufin rumfar sikeli yana ƙyalli.

"A'a," ya ce. "Ban ba ta ba. Ni na rubuta, ni na goge."

"Da sunanta."

"A kujerarta. Tawa ta kulle."

"Ta ba ka lambar sirrinta ke nan."

"Ba ta ba ni komai ba. Ta sauka kai wa uwarta magani, na zauna. Ba ta san na yi ba sai yau da ka buɗe."

Si Nizar ya jingina da kujera. Ya ce da safe ya tambaye shi a gaban yarinyar, ya ce bai gani ba. Munsif ya ce haka ne, ya faɗa, ƙarya ce kuma. Kalmar ta yi masa ɗaci, tun yana yaro rabon da ya faɗe ta a kan kansa. Si Nizar ya ce ko da hakan ne, ta bar allonta a buɗe, takardar da ta sa wa hannu ba ta ce ban da dattawa ba.

"Si Nizar, ɗakin nan mu biyu ne a ciki. Ta fita ta bar mutumin da mahaifinka ya ba makullin kamfanin nan tun kana makarantar firamare. Wa za ta kulle wa? In akwai wanda bai cancanci a yarda da shi ba a ɗakin, ba ita ba ce."

Si Nizar ya miƙe, ya ɗauki ambulan ɗin, ya ce mota tukuna.

Suka koma tare. Ulfa ta miƙe tsaye da ta gan su. Si Nizar ya ce ta zauna ta buɗe takardar, ya tsaya a bayanta, Munsif na gefe. Ya karanto mata lambar harafi-harafi, ta sauya layin Casablanca, ta bar na Jakarta da na Marseille. Kafin ta adana ya sa Munsif ya kira Tahar ya tsaya gefen titi ya karanto abin da ke rubuce a jikin kwantenar da idonsa. Tahar ya yi ta mita, ya ce motoci na wuce shi kamar za su ɗauke masa hula, amma ya sauka ya karanto. Ta yi daidai. Ta adana. Si Nizar ya ce ta buɗe sauran foldojin biyu ya gani, ta buɗe, gyaran na nan a kowace.

Daga nan sai jira. Ba wanda ya tafi cin abinci. Si Nizar ya zauna a bakin teburin Munsif yana juya waya a hannu, Ulfa ta ƙura wa allonta ido, jakar ledar na jingine da ƙafar kujerarta. Ƙarfe ɗaya da rabi Madam Siham ta kira ta ce Jakarta ta shige. Marseille ta bi bayanta da kwata. Biyu ta wuce, biyu da kwata ta wuce, ba labarin Tahar. Munsif ya kira, ya ce cunkoso ne a mashigar gari, wata motar siminti ta mutu a tsakiyar hanya. Sai uku saura minti ashirin da biyar Madam Siham ta sake kira. Ta ce an duba, an buga, ya shige, kuma don Allah gobe su bar ta ta sha gahawarta cikin kwanciyar hankali.

Si Nizar ya sa wayar a aljihu. Ya fara da Ulfa. Ya ce ta mai da kayanta cikin aljihun tebur. Zai rubuta mata gargaɗi a kan allon da ta bari a buɗe, zai shiga fayil ɗinta, daga yau ko ruwa za ta sha ta kulle. Ranar Asabar ta zo ofishinsa ta sa hannu a takardar tabbatarwa. Ta ce to, ta gode. Sai a lokacin hawayen suka zo, ta juya fuska ga bango ta share da bakin mayafi.

Sannan ya ce wa Munsif su fita baranda. A can, ba a gaban yarinyar ba, ya gaya masa. Ya ce goge lamba kuskure ne, kowa na yi. Amma awa biyu da rabi ya bar ta da laifin, wannan ba zai iya ajiye shi a kan takardun fitar da kaya ba. Daga Litinin Ulfa za ta riƙe su. Shi zai koma sikeli, albashinsa yadda yake, ba kuma za a gaya wa Haj dalili ba.

"Na ji," in ji Munsif.

"Ammi Munsif," in ji Si Nizar, sunan da rabonsa da kiransa da shi tun kafin ya tafi jami'a, "da ka zo na buɗe maka kwamfutar."

"Da na zo."

Bai koma ɗakin ba. Ya sauka ta matakalar baya, ya ratsa filin cikin rana har rumfar sikeli. Wata tsohuwar a-kori-kura na kan sikelin, an lafta mata akwatunan dabino har sun fi kan direba. Mai motar wani manomi ne daga Dagash da ya san shi shekara da shekaru, ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Si Munsif da kansa? Ɓatan hanya ka yi?"

"Litinin zan fara," in ji Munsif. "Na zo in ga ta ina rana ke shigowa da yamma, in san inda zan sa kujera."

Manomin ya dube shi, ya ga ba wasa yake ba, ya bar murmushin. Munsif ya zagaya bayan motar ya duba tayoyin, ya ce masa ya ɗan ja gaba, ƙafar baya ba ta gama hawa ba.